Sunan Makaɗi a Bayan Faifai: Masoya Kiɗan Jaz da Makaɗan Zariya da Ba a Ambata

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda masoya kiɗan jaz suke riƙe tsofaffin faya-fayai da yadda suke tono makaɗan da ba su yi suna ba, sannan ta auna wannan ɗabi'a da yadda Hausawa masu sauraro suke riƙe nasu tsofaffin waƙoƙi. An zaɓi Zariya domin a nan al'adun biyu suka taɓa haɗuwa, musamman a shekarun da makaɗin jaz Yusef Lateef ya yi a Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1981 zuwa 1985. An dogara da faya-fayan da aka buga da ayyukan da aka wallafa. Maƙalar ta nuna cewa mai sauraron Hausa yana da kunne mai kaifi kamar na takwaransa na jaz, amma hanyar da waƙa ta biyo daga faifai zuwa waya ta zubar da sunayen makaɗa da ranakun ɗauka, kuma yawancin abin da ya saura yana kawunan dattawa ne.

1.0 Gabatarwa

Nazarin waƙar baka a jami'o'inmu ya yi nisa. Tun bayan fitowar Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau a 1993, ɗalibai suka samu tafarkin da suke bi wajen fito da turke da salo da zubi da tsarin waƙa. Sai dai kusan duk ƙarfin ya tafi kan kalmomin da shugaban ƙungiya ya furta. Wanda ya riƙe kalangu a ranar, da wanda ya yi amshi, da wurin da aka ɗauki waƙar, da shekarar, ba kasafai ake tsayawa a kansu ba. A duniyar jaz kuwa waɗannan tambayoyi su ne farkon zance, kuma masu sauraro ne suka fara yin su tun kafin malaman jami'a su shigo. Wannan maƙala tana son gano dalilin bambancin, ta hanyar duba abin da ya faru a Zariya da kewayenta.

2.0 Yadda Masoya Jaz Suke Riƙe Faifai

Jaz kiɗa ne na baƙaƙen fatar Amurka wanda ya tashi a birnin New Orleans, kuma an fara ɗaukar sa a faifai a 1917. Ginshiƙinsa shi ne ƙirƙira nan take: ƙungiya ta kafa karin da kowa ya sani, sai mai busa ko mai kiɗa ya fito shi kaɗai ya sarrafa shi yadda zuciyarsa ta ba shi. Saboda haka duk ɗauka daban take da 'yar'uwarta, ko da mutanen ɗaya ne, karin ma ɗaya. Wannan ya sa mai sauraro ya damu da sanin wace ɗauka ce, a wace rana, su wa suka halarta.

Daga wannan damuwa aka samu kundin faya-fayai. Charles Delaunay, Bafaranshe mai sha'awar kiɗan, ya fitar da Hot Discography a Faris a 1936, inda ya jera faya-fayai da sunan kowane mai busa da mai kiɗa da ya sa hannu. Brian Rust na Ingila ya biyo baya da nasa babban kundin a 1961. Kamfanoni irin su Blue Note, wanda aka kafa a 1939, sun mayar da buga sunayen ƙungiya da ranar ɗauka a bayan kwalin faifai abin da ba a tsallakewa.

Amfanin wannan ɗabi'a ya fi fitowa a kan waɗanda duniya ta manta. Bunk Johnson mai busa ƙaho ya koma aikin ƙarfi a New Iberia ta jihar Louisiana, haƙoransa sun zube, ba shi da ko abin busa. Masu tattara littafin Jazzmen na 1939 suka bi sawunsa, masoya suka haɗa kuɗi aka yi masa haƙora aka saya masa ƙaho, ya shiga ɗakin ɗauka a 1942. Tina Brooks mai busa saksafon faifai ɗaya tal aka fitar da sunansa yana raye, wato True Blue na 1960; ya rasu a 1974, sai a 1985 kamfanin Mosaic ya tattaro sauran ɗaukarsa daga ma'ajiya ya buga. Dukansu biyu an same su ne domin sunansu yana rubuce a wani wuri, ko yana bakin wani da aka je aka tambaya.

3.0 Haɗuwar Al'adun Biyu a Zariya

Zariya ta daɗe tana jan masu nazarin kiɗa. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya wallafa maƙalarsa kan roƙo da matsayin maroƙa a 1957. David Ames ya zauna a Zariya a 1963 da 1964 yana ɗaukar kaɗe-kaɗen fada da na sana'a da na gama-gari, aka fitar da wasu a faya-fayai biyu cikin jerin kaɗe-kaɗen Afirka na hukumar UNESCO, sannan shi da Anthony King suka buga ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Waɗannan ayyuka ne na masana halayyar al'umma, kuma abin da suka fi nema shi ne nau'in kiɗa da aikinsa a cikin jama'a.

Zuwan Yusef Lateef ya sha bamban, domin shi makaɗi ne da ya zo koyo a wurin makaɗa. An haife shi a 1920 a Chattanooga, ya tashi a Detroit, ya musulunta, ya yi aiki da Dizzy Gillespie da Cannonball Adderley. Tun a faifansa Eastern Sounds na 1961 ya nuna ƙishirwar kayan busa na wasu al'ummu. A 1981 ya zo Samaru a matsayin babban jami'in bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, ya zauna har 1985, ya mayar da hankali kan sarewar Fulani. Wanda ya shafe shekaru yana busa obo, wadda bakinta na kara biyu ne kamar na algaita, ba zai ji busar fadar Zazzau a matsayin baƙon abu ba.

Zaman ya haifar da abubuwa uku da suka shafi wannan bincike. Akwai faifan Hikima na 1983, wanda aka buga da sunan Cibiyar, tare da makaɗa da mawaƙa 'yan Nijeriya. Akwai In Nigeria, da aka ɗauka a Legas a 1983, kamfanin Landmark na Orrin Keepnews ya fitar da shi a Amurka a 1985. Cikin kaɗe-kaɗensa har da wanda aka raɗa wa sunan Drama Village, dandalin wasan kwaikwayo na jami'ar a Samaru. Sai littafin Hausa Performing Arts and Music, wanda ya rubuta tare da Ziky Kofoworola, aka buga a Legas a 1987.

Tarihin Hikima shi ne ya fi ɗaukar hankali. Faifai ne da aka buga a gida, bai shiga manyan kasuwannin duniya ba, ya zama abin da masu tara faya-fayan jaz suke farauta shekara da shekaru, har aka sake buga shi a ƙasar waje a 2019, shekara shida bayan rasuwar Lateef. Abin da ya ceto shi sunan Lateef ne: mai bin kundin ayyukansa zai ga giɓi tsakanin 1981 da 1985, ya tashi neman abin da ya cike shi. Masu gangunan da suka ɗauke shi a faifan kuwa, waɗanda hannunsu ne ya ba aikin ɗanɗanonsa, sun tsaya a matsayin sunaye a bayan kwali. Mai saye a Tokyo ko Landan ba shi da hanyar sanin gidan kiɗan da suka fito ko wanda ya koya musu. Wannan sani a Zariya yake, kuma a ganin wannan maƙala nauyin rubuta shi yana kan manazartan Zariya kafin kowa.

Bala Miller, ɗan gidan Miller na Wusasa, wanda ya rayu daga 1928 zuwa 2003, ya zo ta wata ƙofar. Ya kafa babbar ƙungiyar masu busa da kiɗa, Great Music Pirameeds of Afrika, yana rera waƙa da Hausa a kan tsarin kiɗan hailaif, kuma shirinsa ya yi tashe a talabijin na NTA a shekarun 1980. Manya da dama suna tuna waƙarsa Ikon Allah. Matasan da ya horar suka cika ƙungiyar fa, sunan wa ake kamawa a cikinsu yau?

4.0 Kunnen Mai Sauraron Hausa

Kuskure ne a ɗauka Bahaushe ba ya bambance ɗauka da ɗauka. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya rera Bakandamiya a lokuta da wurare masu yawa, kuma masoyansa suna gane wadda aka yi yana da ƙuruciya da wadda aka yi murya ta manyanta, suna jayayya kan wacce ta fi nauyin kalangu. A majalisun dattawa da teburan masu shayi na Tudun Wada ana jin irin wannan muhawara: wannan ta gidan rediyo ce, waccan a gidan biki aka ɗauke ta, ga inda ya ƙara ɗan waƙa saboda wani ya shigo fili. Wannan shi ne ainihin aikin da Delaunay ya yi, sai dai a baki ake yin sa. Dalilin ma ɗaya ne da na jaz, domin makaɗin baka yana da gindin waƙa tsayayye, ɗiyan kuwa yana ƙara su yana rage su gwargwadon fili.

Ƙungiyar kiɗan Hausa kuma tana da matakai da masu sauraro suka sani: shugaba, 'yan amshi, makaɗa, sanƙira. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya daɗe yana amshi a bayan yayansa Kurna na Maradun kafin ya ja tasa ƙungiya. Wanda ya san wannan, idan ya samu tsohuwar ɗaukar Kurna, zai kasa kunne ga muryoyin baya. Bugu da ƙari, makaɗan Hausa sukan kira yaransu da suna a tsakiyar waƙa, su yaba wa mai ganga ko su zaburar da shi. Ke nan abin da kamfanin Blue Note yake bugawa a kwali, makaɗin Hausa yakan saka shi a cikin waƙar kanta. Manazarta sun saba wuce irin waɗannan wurare da sauri saboda ba su shafi turke ba, alhali su ne shaidar da ta fi kowace ƙarfi kan waɗanda suka halarci ɗaukar.

5.0 Inda Sunaye Suke Zubewa

Kowane sauyin na'ura ya ci wani abu. Faifan garmaho yana ɗaukar kimanin minti uku a kowane gefe, don haka waƙar da ake kwana ana yi sai an datse ta, kuma kiran sunayen yara yana cikin abin da ya fi sauƙin yankewa. Faya-fayan da kamfanin EMI ya buga wa su Shata sun zo da kwali, amma shugaban ƙungiya ake tallatawa. Gidan Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya ɗauki makaɗa masu yawan gaske, sai dai mai sauraro abin da mai gabatarwa ya faɗa kawai yake samu. Da kaset ya zo, kwafi ya yawaita. Brian Larkin ya bayyana a littafinsa na 2008 yadda kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta zama cibiyar wannan sana'a, da yadda sauti yake dusashewa daga kwafi zuwa kwafi. Yau masu tura waƙoƙi a memori sukan ba da tarin fayiloli da sunan mawaƙi kaɗai, wani lokaci ma a jingina waƙar ƙaramin makaɗi ga babba domin ta fi karɓuwa.

Akwai kuma dalilin zamantakewa. Smith ya nuna cewa roƙo sana'a ce da ake buƙata amma ake ajiye masu ita a ƙasan tsani. Idan shugaban ƙungiya da kansa sai da ya yi fice sosai kafin a rubuta tarihinsa, kamar yadda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka yi wa Shata a 2006, mai riƙe masa kalangu ba ya cikin lissafi.

Can ƙasa da waɗannan akwai makaɗan da ba su taɓa shiga ɗakin ɗauka ba. A gundumomin karkarar Zariya irin su Dutsen Abba da Dambo, masu gangar noma da makaɗan maharba da mata masu kiɗan ƙwarya sun yi zamaninsu a gayya da biki da suna. Idan an ɗauke su, to wani mai rikoda ne ya danna a wurin taro, kaset ɗin ya shiga akwati.

6.0 Abin da Ke Hannun Masu Sauraro

Misalin Mamman Sani na Yamai ya nuna abin da kaset ɗaya zai iya yi. Ya ɗauki kiɗansa na ogan a 1978, aka yi kwafi kaɗan, jama'ar Nijar suka daɗe suna jin sa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin. Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ci karo da kaset ɗin a Yamai, ya nemi mai shi, aka sake bugawa a 2013. An yi dace sunan yana jikin kaset ɗin, mutumin kuma yana raye.

A Zariya aikin da ke gaban manazarci bai buƙaci kayan aiki masu tsada ba. Ga kowace tsohuwar ɗauka ana buƙatar a rubuta inda aka samo ta, da irin na'urar da take kai, da duk sunan da aka kira a cikinta, sannan a kunna ta a gaban dattawan da suka halarci irin wuraren, a rubuta abin da suka gane da sunan wanda ya gane shi. Inda biyu suka saɓa a ajiye maganganun biyu, kamar yadda masu kundin jaz suke yi idan an yi shakkar mai busa. Ya dace a fara da Hikima da In Nigeria, domin sunayen suna rubuce a kwali, kuma waɗanda suka yi aiki a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya a farkon shekarun 1980, ko iyalansu, su ne za su iya faɗin gidan da kowane mai ganga ya fito. Daga nan sai faya-fayan Ames, waɗanda suka haura shekara 60, a mayar da su unguwanni da ƙauyukan da aka ɗauke su a saurara tare da jikokin masu kiɗan.