Daga Magewayi zuwa Infoma

A zamanin yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa, runduna ba ta tashi sai an tura magewayi. Shi ne zai yi shigar falke ko almajiri, ya kutsa garin abokan gaba, ya duba inda ganuwa ta zube, ya ƙiyasta dawaki, ya ji ko rumbuna na da hatsi, sannan ya dawo ya faɗa wa sarkin yaƙi. In aka kama shi, kashinsa ya bushe. Nasa kuwa jarumi suke ɗaukarsa, domin can waje yake aikinsa, a kan maƙiyi.

Baƙo ma yakan sha wannan zato. Da Bature Kilafaton ya komo Sakkwato a 1826, an raɗa wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello cewa leƙen asiri ya kawo shi, kuma da haka mutanen Ingila suka cinye Indiya. A can ya rasu a 1827. Masu wannan zargi ba su yi ƙarya kan niyyar Turawa ba: kafin Kano da Sakkwato su faɗi a 1903, Gwamna Lugga yana da mutanensa, irin su Adamu Jakada, masu kai takardu fadojin sarakuna su komo da labarin abin da suka gani.

Da mulkin mallaka ya zauna, sai idon ya juyo gida. A 1948 aka kafa sashe na musamman a rundunar 'yan sanda don sa ido kan 'yan siyasa da ƙungiyoyin ƙwadago. Jama'a suka kira jami'insa ɗan sandan ciki. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, duk mai hawa mumbarin lacca ya san cewa a cikin masu tafa masa akwai wani mai riga da hula irin na kowa, wanda kafin gari ya waye zai kai rahoto. Tun daga nan sunan ya fara wari, domin ɗan rahoto ɗan unguwa ne, ana sallah sahu ɗaya da shi.

Kashe Janar Murtala Muhammad a 1976 ya haifar da hukumar NSO, wadda Umaru Shinkafi da Lawal Rafindadi suka taɓa shugabanta. A 1986 Babangida ya raba ta uku, kuma 'yan jarida suka raba musu suna daidai da aikinsu: mai kula da cikin gida ta zama hukumar tsaro ta farin kaya, tunda jami'anta ba sa sa kaki, mai duba ƙetare, NIA, ita ta gaji sunan leƙen asiri, sunan da rediyo ya daɗe yana kiran CIA ta Amurka da KGB ta Tarayyar Sobiyet da shi.

Sunan da ya fi tayar min da hankali shi ne na yau. A Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato, infoma ba gwamnati yake wa aiki ba. Yana zaune a teburin mai shayi ranar kasuwa, ya ga wanda ya sayar da bijimi biyu ya cusa kuɗin a aljihu, da dare ya buga wa 'yan bindiga waya ya kwatanta musu ƙofar gidan. Katse shi na cikin dalilan da suka sa aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021. Ɓarnarsa gaskiya ce, kuma ba wanda zai ga laifin ƙauyen da ya tsane shi. Amma kalmar ta yi arha a baki. Rigimar gona ko bashi ko kishi ya isa wani ya nuna maƙwabcinsa ya ce infoma ne, kuma a wurare da dama 'yan sa-kai sun kashe mutum kan wannan furuci kaɗai, ba alƙali ba shaida, 'ya'yansa kuma su ci gaba da amsa sunan a garin da aka haife su.