Rage wa jarirai raɗaɗi a ɗakin kulawa ta musamman

Har zuwa shekarun 1980, likitoci da yawa sun ɗauka cewa jinjiri ba ya jin zafi kamar babba, shi ya sa akan yi wa wasu tiyata ba tare da isasshen maganin kashe raɗaɗi ba. Binciken da likita Anand da abokan aikinsa suka wallafa a 1987 ya rusa wannan fahimta. A 2015 kuma masana a jami'ar Oxford ta Ingila suka gano cewa daga cikin sassan ƙwaƙwalwa 20 da ke motsawa idan babba ya ji ciwo, 18 suna motsawa a jinjiri.

Jaririn da aka kwantar, musamman bakwaini da ke cikin kwalba, yana shan sukar allura da huda dunduniya don ɗibar jini da zuƙe majina. Wani bincike da aka yi a asibitocin yankin Paris, aka wallafa a 2008, ya nuna cewa kowane jariri na fuskantar irin waɗannan ayyuka kusan 10 a rana, galibi ba tare da an ba shi abin rage zafi ba.

Tun da jinjiri ba ya magana, ma'aikatan jinya suna duba yamutsewar fuska, irin kuka, motsin hannu da ƙafa da bugun zuciya. Shirun bakwaini ba shaidar lafiya ba ne, domin wani ƙarfin kukan ne ba shi da shi.

Idan aikin ƙarami ne, ana farawa da ba da nono, ɗora jariri a ƙirjin uwa fata da fata, naɗe shi a zane, ko ɗiga masa ruwan sukari na asibiti a harshe minti 2 kafin suka. Wannan ruwa magani ne mai awo, ba abin haɗawa a gida ba.

Bayan tiyata ana amfani da farasitamol, mofin ko fentanil. Biyun na ƙarshe suna iya rage numfashi da jinkirta aikin hanji, don haka ba a ba da su ga kowane jaririn da ke kan na'urar numfashi sai an ga alamar ciwo. Maganin sa barci kamar midazolam kuwa ba ya kashe zafi, kuma ana kauce masa ga bakwaini saboda haɗarinsa ga ƙwaƙwalwa.

Iyaye suna da damar tambayar abin da za a ba ɗansu kafin kowane aiki, su kuma nemi izinin riƙe shi a lokacin.