Jarrabawar da Jami'o'in Amurka Suka Ajiye, Suka Sake Ɗauka

A watan Yunin 1926, ɗalibai kimanin 8,000 a Amurka suka zana wata sabuwar jarrabawa mai suna SAT. Wanda ya tsara ta, Carl Brigham, malami ne a Jami'ar Princeton, ya kuma yi aikin gwajin basirar sojoji lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1923 ya wallafa littafi yana iƙirarin cewa wasu jinsunan mutane sun fi wasu basira, maganar da ya janye da kansa a 1930.

Duk da wannan tushe, jarrabawar ta yi suna ne a matsayin mabuɗin ƙofa ga ɗan talaka. A wancan zamani, Jami'ar Harvard tamkar gado ce ga 'ya'yan attajirai masu fitowa daga makarantun kwana masu tsada. James Conant, wanda ya zama shugabanta a 1933, ya sa aka riƙa amfani da SAT wajen zaƙulo haziƙan yara daga garuruwa masu nisa, a ba su tallafin karatu.

Amma mai kuɗi ba ya rasa hanya. Irin su Stanley Kaplan na Brooklyn suka mayar da horar da ɗalibai kan jarrabawar sana'a, maki kuwa ya riƙa bin aljihun iyaye. A 1969 Kwalejin Bowdoin ta daina wajabta shi. Da annobar korona ta rufe ɗakunan jarrabawa a 2020, kusan duk manyan jami'o'i suka bi sahu.

Tafiyar ba ta yi nisa ba. MIT ta dawo da sharaɗin a 2022, Dartmouth da Harvard suka biyo baya a 2024. Abin da Dartmouth ta gano shi ne, yaran talakawa masu maki kamar 1,400 cikin 1,600 suna ɓoye shi don ganin bai kai na 'ya'yan masu hali ba, alhali da sun nuna shi, aka kuma dubi irin makarantar da suka fito, da ya taimaka musu. In babu maki, sai a dogara da wasiƙun yabo da rubutun da aka goge wa ɗalibi, abubuwan da kuɗi ke saye cikin sauƙi.

Jami'ar Kalifoniya kuwa ta tsaya kan bakanta, ba ta duba makin ko kaɗan. Shekara kusan 100 bayan Brigham, ana nan ana jayayya kan ko lambar tana auna ƙwazon yaro ne ko gidan da ya tashi.