Falwaya Don Kiɗa: Yadda Masu Sauraro a Japan Suka Raba Wutarsu da ta Maƙwabta

A shekarar 2016 jaridar Wall Street Journal ta kawo labarin wani dattijon lauya a Tokyo da ya kashe kimanin dala 10,000 aka kafa masa falwayar kankare a harabar gidansa, da taransifoma tasa shi kaɗai, domin kada kayan sautinsa su sha wuta ɗaya da firjin maƙwabta. Masu karatu da yawa sun ɗauke shi a matsayin wanda kuɗi ya yi wa yawa. Amma al'adar ware wa kayan sauti layin wuta na musamman tana da tushe mai ƙwari. Matsala ce ta gaskiya ta haife ta, daga baya kasuwa ta ɗora mata kayan da ba ta nema ba.

Kafin rediyo ya shiga soket, da batir yake aiki, kuma wutar batir shiru take. Wajen 1927, lokacin da kamfanin RCA na Amurka ya fitar da Radiola 17 mai aiki da wutar gida, sauƙi ya zo da baƙonsa: gurnanin nan da ake ji a lasifika ko ba a kunna komai ba. Wutar gida tana kai da komowa sau 50 ko 60 a daƙiƙa, kuma duk abin da ya tsallake matatar da ke cikin na'ura, kunne zai ji shi. Gidajen rediyo da ɗakunan naɗar murya ne suka fara maganin abin, suka raba layin kayan sauti da na fitilu da injina, suka tattara wayoyin ƙasa a wuri guda. Daga can dabarar ta gangaro gidajen mutane.

Me ya sa ta fi kama ƙasa a Japan? Wani ɓangare na amsar yana cikin tarihin wutar ƙasar. Tokyo ta sayo injinan ba da wuta daga kamfanin AEG na Jamus a 1895, Osaka kuma ta sayo na General Electric daga Amurka, shi ya sa har gobe wutar gabashin ƙasar ke kan sau 50 a daƙiƙa, ta yammaci ke kan 60. Abin da ya fi wannan muhimmanci ga mai kayan sauti shi ne ƙarfin wutar gida a Japan bolt 100 ne kacal. Amfilifayar da ke cin wat 1,000 za ta ja amfiya 10 a Tokyo, alhali a Kano ko Landan, inda ƙa'ida take bolt 230, amfiya huɗu da 'yan kai za ta ja. Yawan abin da ke bin waya shi ke sa wuta ta rage ƙarfi kafin ta iso soket, musamman in wayar siririya ce, doguwa, kuma na'urar sanyaya ɗaki tana rataye da ita. Ga soket ɗin yawancin tsofaffin gidajen Japan baki biyu gare shi, babu wayar ƙasa. Wanda ya ja sabon layi mai kauri daga akwatin rarraba wuta zuwa ɗakin sauraro, a irin wannan gida, gyara ya yi wanda mita za ta iya aunawa.

Ɗaya ɓangaren amsar yana wajen mutanen. Tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu akwai shagunan shan gahawa da ake zuwa domin sauraron faifan jaz, irin su Chigusa da aka buɗe a Yokohama a 1933. Bayan yaƙi faifan Amurka ya yi tsada, gidaje ƙanana ne, sai matasa suka riƙa zama a waɗannan shaguna awa da awanni gaban manyan lasifikoki, a wasu ma an hana hira. Mutumin da ya taso da wannan horo, in ya samu hali ya haɗa nasa kayan, ƙaramin ƙaiƙayi a cikin sauti ba ya wuce shi.

Masu suka suna cewa wutar da ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ba za ta gyaru a mita goman ƙarshe ba. Wannan magana tana da daɗin faɗi, amma ta kauce hanya, domin yawancin hayaniyar ba daga nesa take zuwa ba. A cikin gida da maƙwabta ake haifarta: cajar waya, kwamfuta, fitilun zamani, injin firji, duk suna mayar da datti cikin layin da suke sha. Sukar da ta fi nauyi ita ce ta injiniyoyi, cewa amfilifaya mai kyau tana tace wutarta da kanta, kuma falwayar dattijon nan ma a kan layin bolt 6,600 ɗaya take da ta unguwa. Wannan gaskiya ne, kuma shi ke nuna iyakar amfanin. In akwai gurnani, ko ƙara na fita a lasifika duk lokacin da firji ya tashi, layi na musamman magani ne. In babu, to mai lafiya ake yi wa allura.

A kan soket ne kasuwa ta wuce gona da iri. Soket ɗin asibiti na Amurka, mai ɗigon kore a fuska, an yi shi ne ya damƙe fulogi sosai don kada na'urar numfashi ta zare. Masu kayan sauti suka aro shi, kuma da hujjarsu, tunda haɗi mai ƙarfi ba ya zafi, ba ya tartsatsi. Daga nan kamfanoni irin su Oyaide da Furutech suka fito da masu ruwan zinari da rodiyam, wasu har an tsoma su cikin sanyi mai tsanani, ana cewa kowane ƙarfe da kalar muryarsa. Shaidar da aka fi kawowa ita ce kunnen wanda ya riga ya biya kuɗin, ya kuma san an canza soket ɗin.

Duk mai niyya ya fara da kiran ƙwararren mai wayarin, ya duba kaurin waya da wayar ƙasa, kuma kada ya yarda a cire masa wayar ƙasa don kashe gurnani, domin ita ke tsare ransa.