Tasirin zafi da lantarki a kan fitilar LED

Fitilar LED nau'in fitila ce da ke fitar da haske daga wani ɗan ƙaramin sashe na lantarki mai suna diyod, ba tare da ƙona zare ba irin na tsohon ƙwan fitila. Nick Holonyak ne ya ƙera mai jan haske a kamfanin General Electric a shekarar 1962. Farar da ta cika kasuwa yau kuwa asalinta shuɗiya ce da aka lulluɓe da hodar fosfo ruwan ɗorawa. Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura sun samu kyautar Nobel ta 2014 saboda ƙirƙiro shuɗiyar. Abubuwa biyu ne suka fi shafar haskenta da tsawon ranta: zafi, da yawan lantarkin da ke ratsa ta.

Zafi

Ana yawan cewa LED ba ta zafi. Haskenta ne ba ya ɗauke da zafi, amma wani kaso mai yawa na wutar da take sha yana komawa zafi a cikin diyod ɗin, sai an janye shi ta baya da farantin alminiyum. Idan ya taru, haske yana raguwa nan take, launinsa ya ɗan sauya, hodar fosfo da robar da ke rufe ta su riƙa lalacewa a hankali. Ja ta fi shuɗiya saurin dusashewa a zafi.

Diyod ba kasafai yake mutuwa farat ɗaya ba. Shi ya sa masu ƙera ta ke auna ranta da ma'aunin L70, wato awannin da za ta yi kafin haskenta ya sauko kashi 70 cikin 100 na farko. Abin da ya fi saurin mutuwa shi ne kafasitar cikin ƙwan, wadda ƙarin digiri 10 na zafi kan rage ranta kusan rabi.

Lantarki

A Hausa kalmar "wuta" ta haɗa abubuwa biyu da injiniyoyi ke rabawa: ƙarfin turi, wanda ake aunawa da volt, da yawan kwarara, wanda ake aunawa da amfiya. Kwararar ce ke yanke yawan haske. Farar LED na aiki a kusan volt 3. Ƙarama ta cikin tocila kan ɗauki miliamfiya 20, mai wat ɗaya kuma kusan 350. Ninka kwarara ba ya ninka haske, domin ingancin diyod na sauka yayin da zafinsa ke hawa.

Haɗarin yana inda biyun suka haɗu. Diyod mai zafi yana buƙatar ƙarancin volt, kusan milivolt 2 a kowane digiri. In an haɗa shi kai tsaye da batir, sai ya ƙara jan wuta, ya ƙara zafi, ya sake ja, har ya ƙone. Aikin ɗan allon da ake kira direba shi ne tsayar da kwarara wuri guda.

A yankin Yawuri

A Yelwa da Ngaski da Shanga zafin rana kan kai digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano kuma ya wuce haka. Ƙwan da aka kulle cikin gilashi ko aka cusa a silin ba ya samun iskar da za ta sanyaya shi, don haka awannin da aka rubuta a kwalinsa ba lallai su cika ba. Duk da kusancin yankin da madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, gidaje da shaguna da dama na haɗawa da janareta ko sola. Wutar janareta na hawa da sauka, direba mai araha kuma ba ya jure hakan. Daga nan ake samun ƙwan da ke ƙyaftawa kafin ya mutu. Fitilun batir mai volt 12 da masunta da masu shayi ke ratayawa da dare sun fi haske sa'ad da batirin ke cike, lokacin ne kuma suka fi ɗaukar zafi.