Dacewar Tiransidusa da Jirgin Ruwa a Na'urar Gano Kifi ta Sona

Tsakure

Maƙalar nan ta yi nazarin sharuɗɗan da ke sa tiransidusa, wato ɓangaren da ke aika sauti cikin ruwa yana karɓo amsa-kuwwarsa, ya dace da na'urar gano kifi da jirgin da aka ɗaura shi. An yi amfani da lissafin tafiyar sauti a ruwa da alƙaluman da masu ƙera kayan ke bayarwa. An gano cewa jikin jirgi da zurfin ruwa ne suka kamata su ja ragamar zaɓi, allo ya biyo baya.

1.0 Gabatarwa

A 1880 Jacques da Pierre Curie suka gano cewa wasu duwatsu kan fitar da lantarki idan an matse su. Akasin haka ma gaskiya ne: idan an ba su lantarki sai su girgiza. A kan wannan ne Paul Langevin ya gina na'urar neman jiragen ƙarƙashin teku a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Masunta ba su ci moriyar abin sosai ba sai 1948, da 'yan'uwan Furuno na yankin Nagasaki a Japan suka fito da na'urar gano kifi. Kamfanin Lowrance na Amurka ya kawo ƙarama mai ɗaukuwa a 1959. Daga nan kamfanoni suka yawaita, kowa da irin fuloginsa, har mai saye ya ɗauka cewa da zarar fulogi ya shiga soket an gama magana. Wannan zato ne maƙalar ke ƙalubalanta.

2.0 Yadda Sautin Ke Aiki

Sauti na tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwan teku, ya ɗan gaza haka a ruwan daɗi. Idan amsa-kuwwa ta dawo bayan daƙiƙa 0.04, abin da ta bugo yana nisan mita 30, tunda zuwa da dawowa aka auna. A jikin kifi kuwa, jakar iskar da ke cikinsa ce ke maido da mafi yawan sautin, shi ya sa kifin da ba shi da ita yakan fito dishi-dishi a allo ko da ƙato ne.

3.0 Dacewa ta Fuskar Lantarki

A cikin tiransidusa akwai faifan tangaran na musamman, galibi wanda ake kira PZT, da aka yanka daidai kaurin da zai girgiza a wani adadi. Na gargajiya yakan yi aiki a kilohaz 50 da 200. Wasu na'urorin Humminbird da Lowrance suna aiki da 83 da 200, wasu na Garmin da 77 da 200. Idan na'ura ta tura 83 cikin faifan da aka yanka domin 50, sautin zai fita da rauni, saura ya koma zafi. Adafta tana sauya bakin waya ne kawai, ba ta taɓa kaurin faifan.

Ƙarfin wuta ma haka yake. Tiransidusa mai ɗaukar wat 600 da aka haɗa da na'ura mai tura kilowat 1 zai iya ƙonewa sannu a hankali, ba tare da allo ya nuna wata alama da wuri ba. Fasahar CHIRP ta ƙara tsananta lamarin, domin ita share zango take yi, misali daga kilohaz 130 zuwa 210, da doguwar bugawa mai tara zafi. Tana rarrabe kifaye biyu da ke kusa da juna fiye da tsohuwar hanya, amma sai an haɗa ta da faifai mai faɗin zango. Kamfanin Airmar, wanda ke ƙera wa kamfanoni da dama tiransidusa, ya sa wa wasu nasa alamar lantarki da ke sanar da na'ura adadin girgizarsu da ƙarfinsu. Dabara ce mai kyau, sai dai na'urar da ba ta iya karanta alamar ba ta amfana da komai.

4.0 Jikin Jirgi da Zurfin Ruwa

A nan ne aka fi yin asara, kuma a nan ne 'yan kasuwa suka fi yin shiru. Tiransidusan da ake huda ƙasan jirgi a dasa yana zuwa da gida na roba, na tagulla, ko na ƙarfe marar tsatsa. Ba a sa na roba a jirgin katako, saboda katako kan kumbura idan ya sha ruwa, ya matse robar har ta tsage, ruwa ya shigo. Ba a sa na tagulla a jirgin alminiyam, domin haɗuwar ƙarafan biyu a ruwa tana haifar da lantarkin da ke cinye alminiyam ɗin. Wanda ake mannawa daga ciki ba tare da huda ba kuwa, jirgin faiba mai jiki guda yake so. Katako yana da ramukan iska, iska kuma ita ce babbar abokiyar gabar sautin sona. Saboda wannan dalili ne kumfar farfela ke goge hoto idan an ɗaura tiransidusa a bayan jirgi inda ruwa ke hargitsewa.

Sautin yana bazuwa ne kamar hasken tocila, yana faɗaɗa gwargwadon nisa. A wani sanannen samfuri mai wat 600, kilohaz 50 na buɗewa digiri 45, kilohaz 200 kuma digiri 12. Lissafi ya nuna a zurfin mita 10 na farko zai rufe da'ira mai faɗin kusan mita 8.3, na biyu mita 2.1. A zurfin mita 3, na biyun bai wuce santimita 63 ba. Ke nan masunci zai iya ratsa gefen garken kifi allo bai nuna masa ko ɗaya ba, alhali na'urarsa lafiya lau take.

Wannan ya shafi ruwayenmu kai tsaye. Jiragen masunta a tafkin Kainji da tafkin Chadi galibinsu na katako ne, kuma mafi yawan tafkin Chadi bai wuce zurfin 'yan mitoci ba. Tiransidusa mai kilowat 1 da siririn sauti, wanda aka ƙera domin teku mai ɗaruruwan mitoci, ɓarnar kuɗi ce a irin wannan wuri. Abin da ya dace shi ne mai faɗin sauti, mai ƙaramin ƙarfi, a ɗaure shi a bayan jirgi ko a jikin sanda da ake saukewa ta gefe, nesa da kumfar inji. Hukumomi da ƙungiyoyin da ke saya wa masunta kayan aiki su rubuta nau'in jikin jirgi da zurfin ruwan da za a yi aiki a takardar oda kafin su ambaci sunan kamfani ko girman allo.