Yadda Bishara Ta Sami Bakin Magana a Ƙasar Hausa

 Kwamitin jubili ya roƙe mu mu rubuta tarihi a taƙaice domin wannan littafi. Sunayen fastoci da dattawan da suka yi hidima cikin shekara hamsin ɗin nan suna a wani shafi dabam, ba za mu maimaita ba. Abin da ya dame mu shi ne tambayar da matasanmu suke yi mana kullum, wato ko ya kamata mai bi ya buɗe baki ya faɗi bangaskiyarsa a gaban maƙwabcin da ba addininsu ɗaya ba, ko kuwa shiru ya fi masa lafiya. Tambayar ba sabuwa ba ce. Ta girmi ekklesiyarmu nesa ba kusa ba.

A shekara ta 1900 Bishop Tugwell na mishan ɗin CMS ya isa Kano da abokan tafiyarsa, cikinsu har da Likita Walter Miller, wanda iyayenmu suke kira Likita Mila. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka komo Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu. A Girku ɗin nan ne kuma Walter Gowans na SIM ya riga ya kwanta dama tun 1894. Sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari cewa gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba, jami'an da suka biyo bayansa kuwa suka mai da wannan alkawari ya zama katanga. Mutane da yawa har yau suna zaton mulkin Turawa ne ya ɗauko bishara a kafaɗa ya shigo da ita ƙasar Hausa. Ba haka ba ne. Razdan da Di'o su ne sukan hana ɗan mishan izinin zama, su hana wa'azi a kasuwa ko kusa da masallaci, su kuma ce sai gidan Bature ya yi nisan yadi 440 daga gidajen 'yan ƙasa.

Duk da haka Likita Mila ya sami zama cikin birnin Zariya a 1905, a Durumin Maigarke, yana ba da magani, yana koyar da yara. A 1913 wani abu ya faru wanda ya kamata kowane ɗan ekklesiya ya sani. Waɗansu mutane suka zo wurinsa da ƙafarsu, ba wanda ya je ya kira su. Su ne Isawa, jikokin almajiran wani Malam Ibrahim na Kano, wanda ya yi ta binciken abin da littattafansa suka faɗa a kan Annabi Isa har zuciyarsa ta kamu. Bisa ga labarin da zuriyarsu suka riƙe, an kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867 domin ya ƙi janye maganarsa, almajiransa suka watse zuwa ƙasar Ningi da waɗansu wurare.  Aka tara waɗanda suka ba da gaskiya daga cikin Isawa a ƙauyen Gimi, sai ciwon barci ya auka musu ya kashe da yawa. Ragowarsu suna cikin waɗanda suka kafa Wusasa sa'ad da mishan ya tashi daga cikin birni a ƙarshen shekarun 1920. Daga wannan ƙaramin gari aka sami Likita R. A. B. Dikko, likita na fari a Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, a nan kuma Janar Yakubu Gowon ya girma. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa.

Ƙofar da wa'azi ya kasa buɗewa, jinya ce ta buɗe ta. Daga wajen 1937 hukuma ta danƙa wa SIM aikin kula da kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato, kuma da yardar sarakuna aka yi. Asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943, na Galmi a Nijar a 1950. Mutumin da danginsa suka gina wa bukka a bayan gari, ga wani ya zo yana wanke masa miki da hannunsa, ba sai an tsaya a kansa da dogon wa'azi ba, shi da kansa zai tambayi dalili. Da yawa daga cikin masu bishara na fari a ƙasashen nan tsofaffin majinyata ne, waɗansunsu ba su da cikakkun yatsun buɗe littafi.

Bayan an kafa ECWA a 1954 da TEKAN a 1955, aiki ya koma hannun 'yan ƙasa. Tsarin mulkin 1960 ya ba kowa 'yancin addini, sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ƙarfafa shi, har da 'yancin sake addini da na yaɗa shi. Sai ga Sabon Rai Don Kowa a shekarun 1960, wanda ya koya wa manomi da tela da matar aure cewa shaida ba aikin fasto kaɗai ba ne. A cikin wannan iska, lokacin da Maguzawa suke ta ba da gaskiya ƙauye bayan ƙauye a shekarun 1970, aka haifi ekklesiyarmu.

Mu da muke samari a lokacin muna tunawa. A gindin tsamiya aka fara sujada, a kan tabarmi. Mai bishararmu na fari yana da keke, da akwatin magani, da garmaho mai juyawa da hannu wanda yake sa faifan Hausa a ciki. Ba ya shiga gari sai ya fara gaida mai gari. Ba ya shiga gida sai ya yi sallama an amsa. In ya tarar ana salla, sai ya jingine keke ya jira. Amma in aka tambaye shi wane ne Yesu, ba ya kwana-kwana, yakan faɗa sarai cewa ya mutu domin zunubanmu, ya kuma tashi. An kore shi daga ƙauyuka, an taɓa zubar masa da kaya a rafi. Filin da wannan majami'a take a kai kuwa, mai unguwa Musulmi ne ya auna mana shi da ƙafarsa, bai karɓi ko kwabo ba. Jikokinsa suna cikin waɗanda muka aika wa katin gayyata.

Ba za mu ɓoye shekarun wuya ba. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kafancan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙone majami'u masu yawa. A Oktoba 1991 jini ya zuba a Kano a kan taron wa'azin Reinhard Bonnke tun ba a fara shi ba. A shekara ta 2000 Kaduna ta sake kamawa da wuta, unguwanni suka rabu bisa ga addini. Babu uzuri ga wanda ya kashe mutum domin wa'azi, ko kaɗan. Amma tun da yake a cikin gida muke magana, bari mu faɗa wa kanmu gaskiya. Bayan waɗannan shekaru, waɗansunmu suka kulle baki gaba ɗaya, har mutum ya shekara goma a wurin aiki ba a san shi mai bi ba ne. Waɗansu kuma suka sayi lasifika suka juya bakinta wajen gidan maƙwabci, suna gugar zana da sunan wa'azi. A ganinmu dukansu biyu tsoro ne ya haife su. Yanzu kuma abin ya koma Facebook, inda yaro zai rubuta wa wanda bai taɓa gani ba maganar da ba zai iya faɗa a gaban kawunsa ba.

Waɗanda suka riƙe hanyar farko ba tare da surutu ba su ne Zumuntar Mata. Ko a shekarun da maza suka daina gaisawa, su ba su fasa zuwa barka da suna da gaisuwar mutuwa ba. Naman Salla ya ci gaba da shigowa gidajenmu, shinkafar Kirsimeti ta ci gaba da fita. Idan muka duba littafin baftisma na ekklesiyar nan, mafi yawan manyan da suka shigo daga waje ba ta wurin babban taro suka zo ba. In ka bi sawu, sai ka tarar da wata mace da ta kwana a asibiti tana jinyar ɗan maƙwabciya, aka tambaye ta, ta amsa.

Dattawa sun yarda cewa a shekarar jubili za mu koma ziyarar ƙauyukan da mai bishararmu na fari yake zagayawa, biyu biyu, ba lasifika, kuma za a fara daga ƙofar mai gari. Mai son shiga sai ya ba da sunansa ga sakataren ekklesiya bayan sujada. Garmahon nan kuwa iyalinsa sun ba mu aro, an ajiye shi a ofishin fasto har ƙarshen mako domin yara su gani. Hannun juyawar ya karye, muna roƙo kada a taɓa.